Kifi kilo ɗaya yuro 80 a bakin tekun Girka, ya kai kuɗinsa kuwa?

Alhaji Mai Marmara:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah mazauna Girka da waɗanda suka taɓa shiga ƙasar ku taimaka min da shawara. Wata mai kamawa in Allah ya yarda zan je Atina wajen mutumin da nake sayen marmara a hannunsa, mun daɗe muna hulɗa bai taɓa cuta ta ba kuma duk zuwan da nayi shi ke ɗaukar nauyina, to wannan karon na ce lallai ni zan fitar da shi cin abinci shi da matarsa kada abin ya zama kullum shi ke yi. Na tambaye shi me ya fi so yace kifi, wai akwai gidajen kifi na manya a wata 'yar ƙaramar tashar jiragen ruwa da ake kira Mikrolimano a Pireyas kusa da Atina. Yarona ya buɗo min menu ɗin ɗaya daga cikinsu a waya sai naga ba kuɗin faranti suka rubuta ba, kuɗin kilo ne, wani 70 wani 80 wani ma ya haura yuro 100. Kifi fa jama'a. Ya ake oda a irin wannan wuri mutum bai ji kunya gaban baƙonsa ba? Sannan duk tarkacen nan na teku da na gani a hoto halal ne? Ga kuma maganar giya.

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai shawarata ka nemi wani wurin. Bara muka je wani tsibiri ni da maigidan muka zauna a irin gidan abincin nan na bakin ruwa, wani yaro ya zo da fara'a yace akwai kifi mai kyau yau, muka ce kawo, ba a nuna mana kifin ba ba a faɗa mana nauyinsa ba, aka kawo shi gasasshe ba yaji ba magi ba albasa, man zaitun kawai da lemun tsami aka yarfa masa. Da bil ya zo wlh sai da hantar cikina ta kaɗa, kifin kaɗai ya haura yuro 150. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuɗin nan da ya ciyar da gida guda.

Ɗan Yauri:
Hajiya sannu. Amma ki bari masu zama can su yi bayani tukuna, @Baban Yasmin kana kusa?

Baban Yasmin:
Ina nan. Alhaji barka da shiri, Allah ya kawo ka lafiya. Ni a Pireyas nake aiki a harkar jiragen ruwa, Mikrolimano ɗin nan in ka sauka jirgin ƙasa a tashar Neo Faliro inda filin ƙwallon Olympiacos yake da ƙafa ma za ka iya ƙarasawa, ƙaramin lungun teku ne zagayayye a gindin tudun Kastella, ƙananan jiragen ruwa a ɗaure gidajen abinci sun jeru a bakin ruwan. Mutumin naka ya san abin da yake so.

Abin da ya faru da Hajiya ba daidai bane kuma ba haka ake yi ba a gidan da ya san mutuncin kansa. Kada ka taɓa yin odar babban kifi kana zaune a kujera. Tashi za ka yi kace a kai ka wajen kifin, ba abin kunya bane, su kansu Girkawan haka suke yi kuma sun fi ganin girman wanda yayi hakan. Za a kai ka gaban wani teburi cike da niƙaƙƙiyar ƙanƙara kifaye a jere a kai ko a jawo maka durowar firij, ka duba ka nuna wanda kake so, a ɗora shi kan sikeli a gabanka, ka ga nauyin da idonka, ka tambayi kilo nawa ne, ka buga lissafinka kafin a kai shi wuta. Kamar dai mai sayen rago a kara, ba wanda ke biya bai taɓa dabbar ba. Mutum uku kifi mai kilo ɗaya da ɗan kai zuwa ɗaya da rabi ya ishe ku tunda akwai ƙananan abinci da za a fara kawowa, kuma ka sani da kai da ƙaya da kayan ciki ake aunawa, in aka cire su kusan rabi ne ke saura tsoka.

Sunayen da za ka ji: lavraki da tsipura su ne aka fi sani, sai fagri da sinagrida da sfirida waɗannan su ne manya masu tsada, sai barbuni ɗan ƙarami ja wanda suke soyawa, shi ma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka tsada gare shi. Tambayar da ta fi komai muhimmanci ita ce na teku ne ko na kiwo. Girka na cikin manyan masu kiwon lavraki da tsipura a duniya, a keji suke kiwonsu cikin teku suna fitarwa Italiya da sauran ƙasashe, shi na kiwon ba laifi gare shi ba amma kuɗinsa bai kai rabin na kamu ba, to kada a sayar maka da shi a farashin na kamu. In ka ga kifaye duk girmansu ɗaya ba wanda ya ɗara wani, yawanci na kiwo ne.

Ɗan Yauri:
Madalla. Ni kakana basarke ne a bakin Kwara muka tashi, bari in ƙara wa Alhaji yadda zai gane ɗanyen kifi ko a wace ƙasa ce. Ka kalli idon, ya kasance garau a kumbure ba wanda ya faɗa ciki ya yi hazo ba. Kace a ɗaga maka murfin kunnen ka ga cikin jajawur, in ya koma ruwan ƙasa ko ya yi yauƙi ka bar musu kayansu. Ka danna jikin da yatsa, in naman ya dawo nan take to lafiya lau. Sannan ɗanyen kifi baya ƙarni, ƙanshin ruwa kawai yake.

Kuma Hajiya ki gafarce ni, maganar ba yaji ba magi ɗin nan ni a wajena ba aibu bace. Giwan ruwan da aka fitar daga koma da asuba aka ɗora kan garwashi da gishiri kaɗai, wanda ya taɓa ci ya san yana da wani zaƙi nasa na kansa wanda in ka zuba attaruhu ka kashe shi. Mu a birni mun saba da kifin da ya kwana biyu a mota ko na kwali da ya yi watanni a ƙanƙara shi yasa dole sai an cika masa kayan ƙamshi.

Maman Sadiq:
Ƙanena na ji, amma ko zaƙin zuma gare shi yuro 150? Ai wannan almubazzaranci ne ƙarara. Mutane na kwana da yunwa a gida.

Baban Yasmin:
Hajiya ban ce miki yana da araha ba, kuma gsky ni kaina ba wurin zuwana bane na yau da gobe, in ina son kifi kasuwar Varvakios nake shiga a titin Athinas in sayi sardin ko gavros in kai gida, su ne kifin talaka kuma suna da daɗi. Amma ki san daga ina tsadar ta fito. Tekun nasu kifin ya ja baya sosai, daga farkon watan Yuni har ƙarshen Satumba doka ta hana manyan jiragen da ke jan koma a ƙasan teku yin aiki a ruwan ƙasar, kuma daidai lokacin ne baƙi 'yan yawon buɗe ido ke cika ko'ina kowa na neman kifi. Sai ya rage ƙananan masunta masu jirgin katako, mutum ya fita tsakar dare ya zuba mari mai ɗaruruwan ƙugiya ya sa wa kowace abinci da hannu, ya dawo da safe wata rana da fagri biyu ko uku wata rana ba komai, ga mai ya ƙona. Ga kuma wani mugun kifi mai guba lagokefalos da ya shigo musu ta mashigin Suwez daga Bahar Maliya, haƙoransa yanka raga suke yana cinye kamun tun kafin a jawo. Kuma da yawa daga cikin ma'aikatan jiragen kamun nan 'yan uwanmu ne Misrawa, ina haɗuwa da su a sallar Juma'a, in kika ga tafin hannunsu duk ya tsattsage da gishiri da igiya ba za ki ce kifin nan banza ya zo ba. Abin da ke ɓata min rai kawai shine kason da ke isa hannunsu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da abin da ake rubutawa a menu.

Bamaraɗiya:
Anti Maman Sadiq ni ina bayanki rabi. Ni girki na karanta kuma na yi aikin koyo a wani kicin na kifi, in gaya muku gskiya ba duk kuɗin bane na kifi, kana biyan hayar bakin ruwa da farin ƙyallen teburi da mai zuba maka ruwa. Amma gashin nan da kuke rainawa ba wasa bane. Kifi mai kilo biyu a kan garwashi sai fata ta yi ƙus-ƙus bata manne wa ƙarfe ba, cikin ya nuna har jikin ƙashi amma bai bushe ba, in ka ƙara masa minti uku ka ɓata kifin yuro ɗari, shi yasa mai gashin mutum guda ne ba kowa ake bari ya taɓa ba. Da ya sauka sai a kaɗa man zaitun da ruwan lemun tsami har su haɗe su yi kauri a zuba masa da zafinsa, a barbaɗa busasshen ganyen rigani. Weta zai zo gaban teburi da cokali da cokali mai yatsu ya cire ƙayar gefen baya, ya tsaga tsakiya ya kwantar da tsokar gefe biyu ya ɗaga ƙashin bayan gaba ɗaya a ɗagawa guda har da kai. Alhaji kada ka bari su tafi da kan, tsokar kumatun nan 'yar ƙarama ita ce ta fi ko'ina daɗi, ka miƙa wa matar baƙon naka za ta san ka san kifi.

Malam Na Zariya:
Assalamu alaikum. Alhaji game da halaccin abin teku, mu nan mazhabar Imamu Malik muke kai kuma a wajensa duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, kifi ne ko jatan lande ko ƙaguwa ko mai hannuwa takwas ɗin nan, kuma baya buƙatar yanka. Dalili aya ta 96 a Suratul Ma'ida inda Allah ya halatta mana farautar teku da abincinsa, da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa da aka tambayi Annabi (SAW) game da ruwan teku yace ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi kaɗai, shi yasa in ka zauna da ɗan Pakistan ko Baturke za ka ga wani yana ƙin sauran, kada ka yi musu da shi kowa da hujjarsa. To ta nan ɓangaren ba ka da damuwa, asali ma a ƙasar da samun yankan musulmi ke da wuya gidan kifi ya fi maka kwanciyar hankali a kan gidan nama.

Inda nake jin tsoro shine giya. Na farko wadda ake zubawa a girki, na biyu zama a teburin da ake sha, akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wannan ba ƙaramar magana bace.

Bamaraɗiya:
Malam ya taɓo inda yake, bari in faɗi inda take ɓuya. Jatan lande da suke dafawa a ƙaramin kasko da tumatir da cukun feta, saganaki, sau da yawa ana ɗiga masa giyarsu da ake kira uzo. Kifin kwanson nan baƙaƙe midiya da farar giya ake turara su. Oktopus, wato mai hannuwa takwas ɗin nan, in gasasshe ne yawanci mai ne da ruwan khal amma akwai wanda ake dafawa da jar giya, krasato suke ce masa. Taliya da lobsta ma wasu na sa barasa a miyar. Kuma kada wani yace maka wuta na ƙone ta duka, bata ƙonewa duka. Sai kuma gidajen zamani masu son ƙirƙira, suna iya yanka ɗan kyafaffen naman alade irin su apaki ko siglino a kan abincin teku, to ka tambaya. Na ƙarshe bayan an gama ci suna kawo kyauta daga gida, wani lokaci kankana ko halawar semolina, wani lokaci kuma 'yan ƙananan kofuna masu sanyi da wani farin ruwa mai ƙamshi, mastiha, wannan giya ce kada ka ɗauka lemo ne.

Abin da za ka ci hankali kwance: gasasshen kifi, soyayyen kalamari wato ɗan uwan oktopus, taramas wato ƙwan kifi da aka markaɗa da mai da burodi, fava wato wani irin wake da aka dafa aka markaɗa, salak ɗin tumatir da feta, da dafaffen ganye. In lokacin zafi ne kace a kawo vlita, Alhaji alayyafo ne wlh, irin namu, sun dafa shi sun zuba mai da lemun tsami.

Alhaji Mai Marmara:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Malam maganar teburin nan ce ta tsaya min, mutumin Kirista ne kuma na san suna shan ruwan inabinsu da kifi. In ni na gayyace shi kuma ni zan biya ai ka ga har da kuɗin giyar kenan.

Malam Na Zariya:
To wannan kam bai halatta ka biya ba Alhaji, ko kwabo. Ka faɗa masa tun kafin ranar cikin girmamawa.

Injiniya Bello:
Ni fa Malam a ganina ana tsanantawa. Mutum na ƙasarsa da al'adarsa, kai ka je neman halal ɗinka, in ya sha da kuɗinsa kai ka sha ruwanka ina ruwanka? In muka ce sai teburin da ba kwalba to ba mu ba kasuwanci a Turai.

Malam Na Zariya:
Injiniya ba ni na faɗa ba, nassi ne. Malamai sun yi maganar lalura ga wanda ba yadda zai yi, amma Alhaji shi ne mai gayyata, yana da yadda zai yi.

Baban Yasmin:
Ku tsaya, abin bai kai nan ba. Girkawa mutane ne masu girmama baƙo da addini, su ma suna da azuminsu na kwana arba'in kafin Ista da suke barin nama, ranar Litinin ɗin farkon azumin ma irin su oktopus da kalamari da taramas suke ci, to sun san mene ne mutum yace addinina ya hana ni. Na sha zama da abokan aiki da suka bar shan don ni ba tare da na roƙa ba. Alhaji ka kira shi kace kai za ka ɗauki nauyin cin amma teburinka ba giya, mutumin da kuka yi shekaru ba cuta zai fahimta. In ka fi so ma ka mayar da shi cin rana, da rana ba a cika matsa wa sha ba, don abincin darensu sai ƙarfe tara zuwa goma suke zama kuma a watan Yuni rana bata faɗuwa a Atina sai wajen tara saura, ka ga magariba za ta riske ka a teburi.

Injiniya Bello:
Cin rana kam dabara ce, wannan na yarda. Amma ni har yanzu ina kan bakana a ɗaya maganar. Wani abu kuma, na taɓa ganin irin wannan tsarin na kifi kan ƙanƙara a Dubai, a gidan abincin Milos, ashe daga Girka suka kwaso.

Baban Yasmin:
Eh mai shi Bagirke ne, Costas Spiliadis, amma a Montreal ta Kanada ya fara buɗewa a 1979 sannan New York a 1997, yanzu har otal ɗin Atlantis The Royal a Dubai. Shi ya fitar da salon ga masu kuɗin duniya amma asalinsa na ƙananan gidajen kifin ƙauyukan bakin teku ne inda mai gida ke jan ka kicin ya nuna maka kamun ranar. A Mikrolimano ɗin kuma akwai Varoulko na Lefteris Lazarou wanda ya fara tun 1987 ya samu tauraron Michelin, lambar yabon manyan gidajen abinci, a 2002, shi girkinsa na zamani ne faranti-faranti, in can mutumin naka yake nufi sai ka kama teburi tun da sauran kwanaki kuma a nan ne za ka fi buƙatar tambayar abin da aka sa a kowace miya.

Maman Sadiq:
Ni dai ban sauya ba, kuɗin ya yi yawa. Amma tunda don sāka alheri ne ba don nuna isa ba, Allah ya sa albarka. Da mun san zancen sikelin nan da ba a yi mana abin da aka yi ba.

Baban Yasmin:
Amin Hajiya. Saura abu biyu Alhaji. A menu in ka ga ɗan tauraro a gefen sunan abinci to daskararre ne ba ɗanye ba, doka ce ta tilasta musu sa alamar, za ka fi ganinta a kalamari da jatan lande da oktopus, ba haramun bane ba kuma lalatacce bane amma kada ka biya kuɗin ɗanye. Sannan ba za su kawo maka bil ba sai ka nema, a wajensu rashin ladabi ne a kori mai ci, kuma ka karɓi rasit na inji don doka tace in ba a ba ka ba ba dole ka biya ba. Ka shirya kuma, Bagirke sai yayi kokawa da kai a kan biya ko da kai ka gayyace shi, to ka tashi kamar za ka wanke hannu ka je ka biya a kanta tun kafin a kawo kayan zaƙi, ka bar wa yaran da suka yi hidima ɗan wani abu a kan teburi.

Alhaji Mai Marmara:
Na rubuta duka. Tambaya ɗaya ta rage, ni kifi da hannu na iya ci, a irin wurin nan ba za a kalle ni ba?

Bamaraɗiya:
Babban kifin an riga an cire maka ƙaya Alhaji, cokali mai yatsu ya wadatar. Amma barbuni da jatan lande da kan kifin su ma da hannu suke ci, har ɗan tawul mai lemun tsami za a kawo maka na goge yatsu. Kace a ƙaro burodi kuma saboda man da ke saura a ƙasan farantin, dangwala suke yi.